Manyan tayoyi sun kashe wa Hilux ɗina ƙarfi: in sauya haƙoran aksul ko in koma gidan jiya?

Baban Ummi, Dakata:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masu sani, don abin ya fara cin aljihuna. Ina da tsohuwar Hilux mai fetur, inji 2.7, giyar hannu, mai ogzileri, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Sana'ata sayen masara da waken suya a ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, in tara in kawo Dawanau, da damina kuma in kai wa manoman da muke hulɗa da su taki. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta bayan dajin Falgore ya nufi wajen Riruwai ya san irin hanyar: hawa, duwatsu, rafi, ga taɓo a watan Agusta.

Bara cikin motar ya yi ta dukan ƙasa, sai na sa aka ɗaga ta, na cire tayoyinta na asali 205R16 na sa 285/75R16. Tsayi kam ta samu. Amma tun daga ranar ta zama kamar ba ita ba. Da lodi, sai na ɗan riƙe kuloci kafin ta tashi. Hawan da nake yi da giya biyu yanzu sai ɗaya. Giya biyar kuwa ta zama ado, ko a hanyar Zariya in iska ta taso gabana sai na dawo huɗu. Kuloci biyu na ƙona cikin shekara guda. Wani ya ce min in sauya haƙoran aksul zuwa 4.88, wai za ta dawo da ƙarfinta har ta fi da. Wanda ya sayar min da motar ya ce 4.10 ne a ciki. Shin gaskiya ne? Kuma me zan rasa in na yi?

Bakanike na Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, amma bari ka san abin da za ka saya kafin ka fitar da kuɗi. A cikin tukunyar aksul akwai haƙora biyu da suke haɗuwa: babban faifai da muke kira kirawun, da ƙaramin, wato finiyan, wanda farfela (dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giya zuwa aksul) ke juyawa. Lambar nan da kake ji ba komai ba ce illa haƙoran babban a raba da na ƙaramin. Haƙori 41 da 10 shi ne 4.10. Haƙori 43 da 10 shi ne 4.30. 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 shi ne 4.88. Ma'ana, a 4.10 farfela sai ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Lamba in ta hau, mota ta ƙara ja ta rage gudu. In ta sauka, ta ƙara gudu ta rage ja. Shi ya sa a gareji muke cewa aksul mai ja da aksul mai gudu.

Kai da ka sa babbar taya, ba ka taɓa aksul ba amma ka mayar da shi mai gudu. Kamar yaro ne a kan keke ka ba shi babbar giya ka ce ya hau tudu da buhu a baya. Ƙafar ce za ta sha wuya, a motarka kuma kuloci ne ƙafar.

Injiniya, Tarauni:
Bari in sa wa maganar Oga lissafi. Tayar 205R16 tsayinta kusan inci 29 ne, 285/75R16 kuma ta kusa inci 33. In da gaske 4.10 ne a motar, to yanzu tana tafiya ne kamar mai 3.60, don 4.10 sau 29 a raba da 33 shi ke ba da wannan. Kusan kashi 12 cikin 100 na jan da ke isa ƙasa ya tafi, a kowace giya, har ribas. Ba a ma sa nauyin tayar kanta ba, wanda shi ma inji da birki ke ɗauka.

In kana son ta dawo daidai yadda kamfani ya yi ta, sai ka juya lissafin: 4.10 sau 33 a raba da 29, ya ba ka 4.67. Babu haƙori mai wannan lambar a kasuwa, don haka zaɓinka 4.56 ne ko 4.88. Na farko ya ɗan gaza na asali kaɗan, na biyu ya ɗan wuce. Ga mai ɗaukar lodi a hawa, kuma da injin fetur wanda ƙarfinsa ba ya fitowa sosai sai allurar juyin inji ta hau, ni 4.88 zan ce. Da dizal ne irin 1HZ na Land Cruiser, mai ja tun daga ƙasa, da na ce 4.56 ya isa.

Wani abu kuma, Alhaji: malejinka yanzu ƙarya yake maka. In ya nuna 100, ya kamata a ce kana wajen 113. Ka gwada da taswirar waya ka gani.

Baban Ummi, Dakata:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Injiniya, na taɓa gwadawa a hanyar Kwanar Ɗangora. Maleji na kan 100, waya ta nuna 108.

Injiniya, Tarauni:
To, akwai abin dubawa. Ko dai malejin dama yana ɗan ƙara wa gudu tun asali, wanda motoci da yawa suna yi, ko kuma abin da ke bayan motarka ba 4.10 ba ne. Mu riƙe wannan a gefe.

Direban Yusufari:
Ni fa ban yarda da yadda ake ɗora wa giya komai ba. Shekara goma sha ina bin hanyar Hadeja, Nguru, Gashua har Yusufari, na shiga rairayin da ko alamar sawu babu. Ban taɓa ganin haƙoran aksul sun fitar da mota daga yashi ba. Abin da ke fitar da kai iska ce da hankali. Ka tsaya tun kafin ka shiga, ka sassauta tayoyi su koma 18 ko 20 a geji, ƙafar tayar ta baje, ka ɗauki giya biyu ko uku a ƙaramin ogzileri (wato wanda ke rage gudu ya ƙara ja), ka riƙe totur wuri ɗaya kada ka yanke. Wanda ya ƙara wa aksul ja ya shiga yashi da giya ɗaya, kafin ya ankara tayar ta haƙa wa kanta rami, motar ta zauna da cikinta. Ƙarfi in ya yi yawa a yashi kabari yake tonawa.

Bakanike na Ƙofar Ruwa:
Malam Direba, maganarka dutse ce, amma ta yashi ce. Shi wannan bawan Allah ba Tulo-Tulowa zai je ba, duwatsun Riruwai yake hawa da buhunan taki. A dutse ba gudu ake so ba, so ake mota ta yi rarrafe, ƙafarka ba ta kan kuloci. Can ne giya ke aikinta.

Direban Yusufari:
Na ji Oga. Amma ai ya ambaci taɓo. A taɓo ma in taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suka rasa kamu, ko haƙori ɗari ne a aksul ɗin nan, waɗannan biyun ne za su yi ta wulwulawa, masu ƙasa mai kyau kuma suna tsaye. Kada ya kashe kuɗi yana zaton ba zai sake kafewa ba.

Injiniya, Tarauni:
Nan kam Direba ya yi gaskiya, kuma abin da ya fi ruɗa mutane ke nan. Abu biyu ne daban: ƙarfin da ke murɗa taya, da kamun da taya ke yi wa ƙasa. Haƙoran aksul na farkon kawai suke ƙarawa. Difiranshal na yau da kullum, wato giyoyin da ke cikin tukunyar aksul, yana raba ƙarfi daidai tsakanin tayoyi biyu, don haka in ɗaya tana kan santsi, abin da ɗayar za ta samu bai wuce abin da mai santsin ta iya riƙewa ba. Maganin wannan makullin aksul ne, wanda ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare, da taya mai ƙwaƙƙwaran zane.

Amma akwai inda giya ke taimakon kamu ta bayan fage. Ku duba jimillar rarrafe, wato giya ɗaya sau ƙaramin ogzileri sau aksul. Mu ɗauki giya ɗaya 3.95 da ƙaramin ogzileri 2.57, waɗanda ake samu a Hilux da yawa na wancan zamanin. Da 4.10 jimillar kusan 42 ce, da 4.88 kusan 50. Inji na juyi 1,000 a minti, da tayar inci 33, na farko zai tafi kusan kilomita 3.8 a awa, na biyu 3.2. Bambancin kamar ba yawa a takarda. A kan dutse da lodi, shi ne bambanci tsakanin motar da ke tafiya da kanta a hankali, da wadda sai ka ba ta wuta ka saki kuloci da ƙarfi don kada ta mutu. Wannan fizgar ita ke sa taya ta kuɓuce, ita ke karya shaft, ita ke watsar da lodi.

Baba Tsohon Direba, Fagge:
Yara, ku bari in sa baki. Na yi tuƙi tun hanyar Jos ta Saminaka ba ta kai haka ba. Mu a zamaninmu taya siririya muke nema wa taɓo, irin 7.50R16, ta yanka lakar ta sauka ta kama ƙasa mai tauri. Wannan faffaɗar da kuke sakawa yanzu tana yawo ne a saman laka kamar kwalekwale. Ɗana Baban Ummi, motar nan waɗanda suka ƙera ta sun auna komai tare: inji, giya, birki, boris, taya. Ka taɓa ɗaya, ga shi ya ja ka ka taɓa na biyu, gobe birki zai ce shi ma a duba shi. Shawarata ka sauke waɗannan tayoyin ka sayar tun suna da daraja. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Baban Ummi, Dakata:
Baba, na ji kuma ina girmama maganarka. Amma wallahi ba don ado na sa su ba. Akwai wani rafi kafin a shiga ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zuwa, manyan motoci da taraktoci sun haƙe sawu biyu, tsakiya ya zama tudu kamar kunya. Da tsohuwar tayar, tukunyar baya ce take zama a kan tudun nan, tayoyi huɗu suna lilo. Rannan tun la'asar muke haƙa da fartanya ni da yarona da samarin garin, sai bayan isha muka fita, taki buhu biyu ya jiƙe. Tun da na sa manyan ban sake zama a wurin ba.

Bakanike na Ƙofar Ruwa:
Wannan gaskiya ne Baba, kuma a nan ɗaga sifirin ba ya magani. Sifirin jikin mota yake ɗagawa, tukunyar aksul ta baya tana nan inda take. Taya kaɗai ke ɗaga ta, kuma rabin abin da aka ƙara mata ne. Daga 29 zuwa 33, tukunya ta tashi kusan santimita 5. A irin hanyar da yake faɗa, santimita biyar ɗin nan su ne kwana a gida ko kwana a daji.

Hajiya Maman Sadik, Hotoro:
Sannunku da ƙoƙari. Ina bin maganar nan da kyau don ina da irin wannan motar da ke kai min kaya gonata ta shinkafa a Kura, direbana ma ya daɗe yana min maganar manyan tayoyi. Tambayata ɗaya ce: mai fa? Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san yadda lissafi ya koma. In an sa wannan 4.88 ɗin, ba za ta riƙa shan mai kamar rariya ba? Daga Kano zuwa Kura ai kwalta ce, gonar ce kawai ke da ɗan burji da taɓo.

Injiniya, Tarauni:
Hajiya, ga yadda abin yake. Mu ce giya biyar 0.85 ce, ana tafiya kilomita 100 a awa na gaskiya. Da taya 29 da 4.10, inji na juyi kusan 2,500 a minti. Da taya 33 da 4.10, kusan 2,200. Da taya 33 da 4.56, ya dawo kusa da 2,500. Da 4.88, kusan 2,650.

Mutum zai ga 2,200 ya ce ai tattalin mai ne. Da motar wofi ce a miƙaƙƙiyar hanya, ana iya samun haka. Amma ji abin da Alhaji ya ce: biyar ba ta riƙewa, yana dawowa huɗu. A huɗu kuma injin yana wajen 2,600 ne, ƙafarsa na danne da totur. To ina tattalin? Wanda ya daidaita haƙora da babbar taya sau da yawa ba ya ganin ƙarin shan mai a kan abin da tayar ta riga ta jawo, wani ma ya ga sauƙi a cikin gari da kan hawa. Inda ake asara shi ne a sa 4.88 a bar ƙaramar taya. Nan inji zai kai kusan 3,000 a gudu ɗaya, ga ƙara, ga mai.

Ke kam Hajiya, da irin hanyarki, ban ga dalilin taɓa ko ɗaya ba. Ki saya wa motar taya mai zane mai kyau a girmanta na asali, direba ya koyi rage iska in zai shiga gona ya mayar in ya fito.

Hajiya Maman Sadik, Hotoro:
Madalla. Allah ya saka da alheri, ka hutar da ni.

Ɗan Autan Gareji, Kurna:
Ni a ganina tunda za a buɗe aksul, a yi mai gaba ɗaya mana. A sa 5.29. Na ga bidiyon 'yan Amurka da Ostireliya suna hawa dutse a tsaye da shi, motar ko tari ba ta yi.

Bakanike na Ƙofar Ruwa:
Ƙanina, waɗanda ka gani tayoyinsu inci 35 ne zuwa sama, kuma wasa suka fita yi, ba masara suka ɗauko ba. Ka taɓa riƙe finiyan na 5.29 a hannunka? Haƙori 37 da 7 ne. Bakwai kacal. Tukunyar ba ta ƙara girma, don haka duk lokacin da lamba ta hau, kan finiyan ne ke ƙanƙancewa, haƙoran da ke haɗuwa a lokaci guda su ragu. Ka ɗora masa lodi, taya ta yi tsalle a kan dutse tana juyawa ta dawo ta kama ƙasa farat ɗaya, abin da za ka ji shi ne ƙas. Na sha kwance tukunya in juye man a faranti in ga gutsattsarin haƙori kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Sannan a kwalta zai riƙa tafiya da juyi kusan 2,850. Daga Doguwa zuwa Dawanau ba nan kusa ba ne.

Ɗan Tifa, Challawa:
Ku ƙananan motoci kuna da matsalar da mu aka riga aka warware mana. Tifofin da muke ɗebo yashi da su a kogi, irin Howo da MAN, da yawansu rage gudun kashi biyu ne: wani a tukunya, wani kuma a cikin kan tayar, akwai wasu ƙananan giyoyi a can. Shi ya sa tukunyar ba ta da girma sosai, cikin motar ya samu tsayi, shaft kuma ba ya ɗaukar duka wahalar. Amma duk da haka, in na sauka bakin kogi da lodi, abin da ke fitar da ni makulli ne, na tsakanin aksul biyu da na tsakanin tayoyi. Kuma da na hau ƙasa mai tauri nake cirewa. Wani yaro da muka yi aiki tare ya manta bai cire ba ya hau kwalta ya sha kwana, shaft ya tafi. Ina tare da Direban Yusufari: in kuɗin ɗaya gare ka, tsakanin haƙora da makulli, ka yi tunani sosai.

Baban Khalifa, Gwale:
Don Allah duk abin da za ka yi, kada ka yi kuskuren da na yi. Aksul ɗin bayan motata ya lalace, na je na sayo na Beljiyam gaba ɗayansa aka ɗaura. Mai kayan ya ce irinsa ne, bakaniken da ya ɗaura bai ƙirga ba, ni ma ban san ana ƙirgawa ba. Wata uku lafiya lau, don ban sa ogzileri ba. Ranar da na sa a wata hanyar burji bayan Gwarzo, sai na ji motar tana ɗaurewa kamar an ja birkin hannu, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi na gurzar ƙasa. Na ce ko hanyar ce. Ban yi nisa ba na ji ƙara a ƙarƙashin kujera, ogzileri ya watse. Da aka buɗe aka ƙirga, gaba daban baya daban. Kuɗin da na kashe ya ninka na aksul ɗin. Mota mai ogzileri, gaba da baya dole lambarsu ta zo ɗaya.

Baban Ummi, Dakata:
Innalillahi. Baban Khalifa, ka tayar min da hankali. Ni ma in na sa ogzileri a wuri mai ɗan tauri ina jin wannan ɗaurewar, kuma sandar ba ta yarda ta fita sai na yi ribas mai nisa. Tun kafin in sauya taya take yi. Na ɗauka halin motar ne. A taɓo kam ba na jin komai.

Bakanike na Ƙofar Ruwa:
Alhaji, ɗan taurin sanda bayan an yi kwana a ƙasa mai tauri ana samunsa ko a lafiyayyar mota. Amma in ka haɗa da abin da Injiniya ya hango a maleji, ni ban natsu ba. Kada ka sayi komai sai ka ƙirga, kuma ba sai an kwance ba. Ka sami wuri shimfiɗaɗɗe, ka sa duwatsu a tayoyin gaba, giya a furi, ka saki birkin hannu. Ka ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa. Ka sa alli a jikin taya, ka sa a jikin farfela. Yaronka ya juya tayar sau 20 daidai, kai kana kallon farfela daga gefe kana ƙirgawa. In ta yi 41, to 4.10 ne. In 43, 4.30. In ta kusa 46, 4.56. In tayar ta ƙi juyawa ita kaɗai, to aksul ɗin mai riƙewa ne, sai ka ɗaga biyun ka juya su tare sau 10. Gaba ma haka, ka kulle hob (makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba), sandar ogzileri tana kan tuƙin baya. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Mai Land Cruiser, Nasarawa:
Kafin ya dawo, bari in faɗi abin da ba a taɓo ba, wato gangara. Kowa na maganar hawa, ni kuwa saukowa ta fi ba ni tsoro. Mota da lodi a gangaren dutse bayan ruwan sama, in ka taka birki tayoyi suka kulle, sitiyari ya zama ba naka ba. Aksul mai ja shi ke ba inji damar riƙe motar, ka sa giya ɗaya a ƙaramin ogzileri ka ɗauke ƙafa, ta riƙa sauka taku-taku. Babbar taya da aksul mai gudu kuwa, motar ce ke jan injin.  Ga wanda ke bin Riruwai, wannan kaɗai ya isa dalili.

Baba Tsohon Direba, Fagge:
Wannan kam haka ne. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Haka aka koya mana.

Bakanike na Ƙofar Ruwa:
Sai kuma maganar aikin kansa, don a nan ne mutane ke zubar da kuɗinsu. Kirawun da finiyan tare aka wasa su a kamfani, mata da miji ne, ba a ɗauko wannan a nan wancan a can. Ɗaura su kuma ba aikin guduma ba ne. Akwai zurfin da finiyan zai shiga, da siraran washa ake daidaita shi. Akwai ɗan wasan da ake bari tsakanin haƙora, a tukunyar Toyota mai inci 8 tsakanin milimita 0.13 ne zuwa 0.18, da agogon awo ake dubawa ba da yatsa ba. Sannan a shafa wa haƙoran shuɗin gwaji a juya, a ga inda suke taɓa juna. In tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, an dace. In ya hau baki ko ya gangara gindi, a sake kwancewa. Duk wanda ka kai wa aiki ka ga ba shi da agogon nan, ka ɗauki kayanka ka yi gaba. Aksul ɗin da aka ɗaura ba daidai ba zai fara kuka tun a satin farko, kuma haƙori in ya ci ba ya komawa.

A sa sababbin boris da oyil sil, a zuba man giya GL-5. Kilomita 800 na farko ba lodi mai nauyi, ba doguwar tafiya a gudu ɗaya, a riƙa tsayawa yana hucewa, sannan a zubar da man a sa sabo. Kuma tunda kana ratsa rafi: a saman aksul akwai ɗan hancin da yake numfashi. Tukunya ta yi zafi ka tsoma ta a ruwan sanyi, sai ta zuƙo ruwa ta nan ko ta sil. Ka buɗe ka ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Ka sa masa tiyo ka ja shi sama, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba.

Baban Ummi, Dakata:
Jama'a na dawo. Bayan sallar asuba muka yi ni da yarona a ƙofar gida, sau biyu-biyu don kada a yi kuskure. Baya: taya 20, farfela 43. Gaba: taya 20, farfela 41. Da na leƙa da fitila ma sai na ga notunan da suka riƙe tukunyar baya duk sun sha sifana, ga wani rubutun fenti rawaya a jikinta irin na kayan Beljiyam. Shekara huɗu ina tuƙa motar nan ban sani ba.

Injiniya, Tarauni:
To ga 108 ɗin nan ta fito. Baya 4.30, gaba 4.10, bambancin kusan kashi 5 cikin 100. Duk mita 100 da ka yi da ogzileri, tayoyin gaba suna son su wuce na baya da kusan mita 5. Taɓo ne ya yi ta ceton ka, don yana barin taya ta zame ta sauke nauyin. A kan dutse busasshe ba inda za ta zame, ogzileri da shaft ne ke shanyewa. Daga yau kada ka sake sa shi a wuri mai tauri sai an gyara.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka sauya gaba da baya duka zuwa 4.88 ka riƙe manyan tayoyinka, wato haƙora saiti biyu da aikin tukunya biyu. Ko ka sauya gaba kaɗai zuwa 4.30 ya dace da baya, ka sauko da taya zuwa 245/75R16 mai inci 30.5. Lissafin wannan ya faɗa daidai: 4.10 sau 30.5 a raba da 29, 4.31. Motar za ta dawo kamar yadda aka ƙera ta. Sai dai tukunya za ta fi ta asali tsayi da kusan santimita 2 ne kawai, ba 5 ba.

Baba Tsohon Direba, Fagge:
Ta biyun nan ita ce tawa. Kuɗin tayoyin da zai sayar ma zai rage masa hanya.

Direban Yusufari:
Ni ma ita, ragowar kuɗin ya tara wa makullin baya.

Baban Ummi, Dakata:
Baba, Malam Direba, na so in bi ku, don aljihu ma ita yake so. Amma na kwana ina tuna tudun tsakiyar rafin nan. Santimita 2 ba za su tsallakar da ni ba, na san wurin kamar tafin hannuna, kuma manoma goma sha ne a bayansa suke jiran taki a kan lokaci. Zan tafi a kan 4.88 gaba da baya, ko da zan jira in sayar da masarar da ke ajiye. Oga, ana samun saitin biyu a Ƙofar Ruwa, ko sai an yi oda daga Legas? Kuma a duba min ogzilerin tunda ya daɗe yana shan wannan wahalar.

Bakanike na Ƙofar Ruwa:
Na baya ba ya wuyar samu. Na gaba ne sai an bincika, don in motarka mai gaba mai ƙafa daban-daban ce, kirawun ɗinsa inci 7.5 ne, bai kai na baya ba, ba sa musanya. Duk wanda aka miƙo maka, kada ka tsaya ga lambar da aka rubuta a kwali, ka sa alli ka ƙirga da hannunka a gaban mai shago: 39 a babba, 8 a ƙarami, duka biyun. Ka kawo motar ranar Asabar da safe kafin kasuwa ta cika, kada ka wanke ƙarƙashinta, ina son in ga inda mai yake tsatsa. Za mu fara da juye man ogzileri a faranti mu ga ko akwai ƙarfe a ciki.